Sankara da Masu Ƙidaya Ta: Tarihin Binciken Ciwon Daji a Ƙasar Hausa da Matsayin Kudancin Kano a Cikinsa

Kafin Maiyaƙi gari ne na kasuwa a ƙasar Kiru, a kan hanyar da ta rabu da babban titin Kano zuwa Zariya a Kwanar Dangora, ta nufi Tudun Wada, ta keta dajin Falgore, sa'an nan ta bi ta ƙasar Doguwa zuwa Jos. Wanda ya dubi taswira zai ga garin yana zaune ne tsakanin manyan asibitocin koyarwa guda biyu, watau na Malam Aminu Kano a birnin Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, kuma kowanne daga cikinsu mota tana kai mutum a 'yan sa'o'i kaɗan. A waɗannan asibitoci biyu aka yi babban kaso na binciken da ake da shi a kan ciwon sankara a ƙasar Hausa. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin tarihin wannan bincike, a ga yadda ya faro da irin amfanin da ya yi, a kuma nuna wani abu guda da bai sake ba tun daga zamanin Turawa: ƙidayar masu sankara ƙidaya ce ta waɗanda suka iso ƙofar asibiti, alhali mafi yawan mutanen garuruwa irin su Kafin Maiyaƙi da Bebeji da Riruwai a gida suke jinyarta, a gida kuma take gamawa da su.

Daji da sankara

Kafin a shiga tarihi ya kamata a tsaya a kan suna, domin rabin rikicin daga nan ya taso. Bahaushe yana da kalmomi biyu. Ta farko ita ce sankara, wadda fataken goro suka fi kowa saninta, domin ita ce cutar da kan ci goro ta ciki, a ga bayansa lafiya lau, sai an fasa a tarar ya lalace. Shi ya sa ake yi mata kirari da ɓata goro. Kwatanci ne da ya dace ƙwarai da halin cutar a jikin mutum. (Kada a gama ta da sanƙarau, wanda shi annoba ce ta bazara mai sandarar da wuya, ana yawan rikita su a rubuce saboda ƙugiyar harafi ɗaya.) Kalma ta biyu ita ce daji, kuma ita ta fi yawo a bakin mutanen karkara. Amma fa dajin mai maganin gargajiya ya fi sankarar likita faɗi nesa ba kusa ba. Kumburin da ya yi ja yana zafi daji ne, gyambon da ya ƙi warkewa daji ne, maruru mai taurin kai daji ne, ƙullutun da ya fito a maman mace shi ma daji ne. Wani bincike da M. S. Abubakar da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello suka buga a 2007, bayan sun tattauna da masu magani Hausawa da Fulani, ya tabbatar da haka, watau cewa kumburi iri iri da sankara ta ainihi duk a taska ɗaya ake zuba su.

Abin da wannan ya haifar babba ne. Da yawa daga cikin abubuwan da ake kira daji sukan warke, ko da sassaƙen hano da saiwar gwandar daji da ganyen sabara, ko ma don kansu. Saboda haka mai magani da ya ce ya warkar da daji sau ɗari ba lalle ne ƙarya yake yi ba, kuma mutanen garinsu shaidu ne. Sai ranar da aka kawo masa sankara ta ainihi, ya yi mata abin da ya saba, watanni su shuɗe. Daɗin daɗawa akwai imanin nan da ya game ƙasar Hausa cewa daji ba ya son ƙarfe, watau in aka yi masa allura ko aka sa masa aska sai ya fusata ya bazu. Ba shi da wuya a gane inda wannan imani ya samo ƙarfinsa: wanda aka kai asibiti bayan cuta ta riga ta ci jiki, aka yanka, ya rasu ba da daɗewa ba, to, 'yan'uwansa wuƙa za su zarga. Abin lura a nan shi ne tsofaffin littattafan ɗibbu na Larabci ba su hana wuƙa ba. Sun san cutar da sunan saraɗan, watau ƙaguwa, kuma Ibn Sina ya ba da shawarar a cire ta tun tana ƙarama, a haɗa da duk naman da ta taɓa.

Zamanin da aka ce Baƙar fata ba ya yin ta

Sa'ad da Turawa suka ci ƙasar Kano a 1903, aikin likitocinsu na farko shi ne kula da sojoji da ma'aikatan mulki. Da aka fara waiwayar talakawa, cututtukan da aka sa gaba su ne masu kisa da yawa a lokaci guda ko masu hana noma da biyan haraji, kamar agana da sanƙarau da kuturta da ciwon barci. Mutanen kudancin Kano sun ga irin wannan aiki a maƙwabtansu na Anchau, inda tun daga ƙarshen shekarun 1930 aka sassabe bakin rafuka don korar ƙudan tsando, aka tashi ƙauyuka, aka kafa sabon gari mai suna Takalafiya. Sankara ba ta cikin wannan lissafi ko kaɗan. A wancan zamani akwai ra'ayi mai ƙarfi a Turai da Amurka cewa ita cutar ci gaba ce, ta masu zaman birni da cin abinci mai laushi, kuma mutanen Afirka da Indiyawan daji na Amurka da 'yan asalin Ostareliya kusan ba su san ta ba. Wani masanin ƙidaya na kamfanin inshora a Amurka, Frederick Hoffman, ya ƙarfafa wannan ra'ayi a babban littafinsa na 1915, kuma Albert Schweitzer, wanda ya buɗe asibiti a Gabon a 1913, ya ce a farkon zuwansa bai ga mai sankara ba.

Kuskuren a fili yake ga wanda ya san yadda ake zuwa asibiti a lokacin. Likita ɗaya ne ga lardi guda, babu madubin duba tsoka sai a Ikko, tsofaffi ba su zuwa, matan kulle ba su zuwa, gawa kuma ba a bari a fede ta. Mutumin da bai ga abu ba sai ya rubuta cewa babu shi. Waɗanda suka fara warware wannan zance a Nijeriya su ne E. C. Smith da B. G. T. Elmes, waɗanda a 1934 suka buga bayanin ƙari ɗari biyar da aka yanko daga jikin 'yan ƙasa aka aika musu dubawa. A Uganda kuma, da aka koma aka bincike tsofaffin littattafan asibitin Mengo da Albert Cook ya fara cikawa tun 1897, sai aka tarar sankara tana nan a rubuce tun farko, ba a dai tsaya an ƙirga ta ba ne.

Yaran da duniya ta ƙaru da su

Juyin da ya sa idon duniya ya dawo kan sankarar Afirka ya faru ne a 1958, lokacin da wani likitan fiɗa a Kampala, Denis Burkitt, ya buga bayanin wani ƙari da kan kumbura muƙamuƙin yara, ya karkaɗe haƙora, ya turo ido waje, ya kashe yaro cikin 'yan watanni. A 1961 shi da abokansa biyu suka yi tafiyar kimanin mil 10,000 a tsohuwar mota, asibiti asibiti, suna tambaya ko an taɓa ganin irinsa. Taswirar da suka zana ta nuna cutar tana bin ƙasashe masu zafi da damshi, watau daidai inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wata ƙwayar bairas a cikin tsokar da ake aiko musu London daga Uganda, kuma ita ce bairas ta farko da aka danganta da sankara a jikin ɗan Adam.

Nijeriya tana tsakiyar wannan aiki. A 1960 Farfesa George Edington ya kafa rajistar sankara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Badun, ya ƙirga masu cutar a birnin daga 1960 zuwa 1963, ya auna su da yawan jama'ar garin, abin da ba a taɓa yi ba a ƙasar nan. A asibitin nan ne kuma Victor Ngu, likitan fiɗa ɗan Kamaru, ya nuna cewa allurar magani kaɗai tana iya narkar da ƙarin Burkitt, yaro ya tashi garau. A 1972 aka ba shi lambar Lasker ta Amurka tare da Burkitt da waɗansu. Wannan nasara tana cikin abubuwan da suka ba likitocin duniya ƙarfin guiwar cewa magani yana iya warkar da sankara ɗungum. Har ila yau a Badun, a 1963, R. J. V. Pulvertaft ya raya ƙwayoyin halitta daga ƙarin wani yaro ɗan shekara 11, kuma zuriyar waɗannan ƙwayoyi tana nan ana renonta a ɗakunan bincike na ƙasashe da dama. Wanda zai rubuta tarihin nan da adalci dole ya faɗi cewa ilmin ya tafi ya yi amfani a inda ake da kuɗin amfani da shi. A Turai yaro mai irin wannan cuta kusan kullum yakan warke. A karkarar Afirka sau da yawa akan ɗauka ciwon haƙori ne ko hangum, in an kai asibiti kuma kuɗin magani ya ƙare bayan zagaye ɗaya ko biyu, uba ya ɗauke ɗansa su koma gida.

Zariya da Malumfashi

Arewa ba ta shiga wannan fage sosai ba sai bayan da Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyon likita a 1967. Edington da kansa ya komo Zariya daga baya, kuma shekarun 1970 sun zama lokacin da asibitin Tudun Wadan Zariya ya tara gwanayen masu bincike, irin su Eldryd Parry da Brian Greenwood da Hilton Whittle. A fannin sankara, aikin da ya fi shafar manomin Kano shi ne na hanta. A 1977 Dakta Y. M. Fakunle tare da Greenwood da Edington da wani abokin aikinsu suka buga bincike a kan sankarar hanta a wannan yanki, cutar da kan kama magidanci a tsakiyar ƙarfinsa, ciki ya kumbura, ido ya yi shawara, kafin kaka ta zagayo an yi sadakar arba'in. An gane tana da dangantaka mai ƙarfi da bairas ɗin ciwon hanta nau'in B, wanda yara kan ɗauka tun suna ƙanana. Abu na biyu da ke taya shi ɓarna shi ne dafin fumfunar da kan kama gyaɗa da masara idan an adana su da danshi, dafin da aka gano bayan ya kashe talotalo dubbai a Ingila a 1960. A lokacin dalar gyaɗa tana tsaye a Kano, kuma damuwar hukuma ta fi karkata ga kada Turai ta ƙi sayen kaya; gyaɗar da aka tsince aka ware saboda ta lalace, a gida take zama, a yi ƙuliƙuli da ita. Allurar rigakafin ciwon hantar ta samu tun farkon shekarun 1980, Gambiya ta fara babban gwajinta a 1986, amma ba ta shiga jerin rigakafin yara na Nijeriya ba sai 2004.

Likitocin Zariya na wancan zamani sun nuna sun iya fita daga asibiti su shiga gidajen mutane in sun so. Misali mafi kyau shi ne ciwon zuciyar masu jego. Da Parry da Neil Davidson suka ga yawan matan da ake kawowa da kumburi da haki bayan haihuwa, sai suka bi sawu har suka kai ga wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi da shan kunun kanwa, suka fahimci cutar ta hanyar fahimtar al'ada. Haka kuma aikin binciken cututtuka na Malumfashi, wanda jami'ar ta yi tare da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool a shekarun 1970, ƙauye ƙauye aka bi ana ƙidayar mutane ana duba jini da fitsari. Sankara ba ta sami irin wannan gata ba, kuma akwai dalili: cuta ce da ba ta da yawa a ƙauye guda, sai an sa ido kan mutane dubu ɗaruruwa shekara da shekaru kafin a ga kamanninta, kuma tabbatar da ita sai an yanki tsoka.

A ƙasar Malumfashin nan ne kuma aka yi bincike mafi zurfi a kan yadda Bahaushe ke tunanin cuta. Murray Last, wanda ya zauna cikin Maguzawa wajen 1970, ya nuna a wata maƙala ta 1981 cewa mutane da yawa ba su ɗaure kansu ga tsarin magani guda ba, kuma sanin musabbabin cuta bai dame su kamar samun sauƙinta ba. Ana zuwa wurin malam da boka da wanzami da mai kemis da likita, duk don ciwo ɗaya, ba tare da an ga wani saɓani ba. Lewis Wall kuma, a littafinsa na 1988 a kan maganin Hausawa, ya tsaya a kan kalmar lafiya, ya nuna ta haɗa jiki da gida da gona da zaman mutum da danginsa. Waɗannan ayyuka biyu suna ɗauke da amsar tambayar da likitocin sankara suka daɗe suna yi, watau me ya sa ba a zuwa da wuri, amma an jima kafin ɓangarorin biyu su karanta juna.

Ruwan Tiga da tsargiya

A nan tarihin ya iso ƙofar gidan mutanen kudancin Kano. Tsakanin 1971 da 1974 gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, a kan kogin Kano da ya gangaro ta Falgore, aka ja hanyoyin ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. Alherin da wannan aiki ya kawo ba mai musunsa, domin shinkafa da alkama da tumatirin rani sun sake rayuwar yankin. Amma ruwan da ke kwance shekara duka gida ne na dodon koɗi, shi kuwa dodon koɗi shi ke renon tsutsar tsargiya. An ga haka a Masar, an ga haka a tafkin Akosombo na Gana a shekarun 1960, kuma a aikin Malumfashi R. N. H. Pugh da H. M. Gilles sun auna shi a bakin ƙaramar madatsar Ruwan Sanyi. Yaro ya shiga iyo ko kamun kifi, tsutsa ta huda fata, ta girma a jijiyoyin mafitsara, ta riƙa zuba ƙwai, fitsari ya fito da jini. A ƙauyuka da dama ba a ɗaukar wannan a bakin cuta, har ma akan ce alamar balaga ce ga namiji.

Tun 1911 wani likita a Alƙahira, A. R. Ferguson, ya danganta tsargiya da sankarar mafitsara, kuma a 1994 hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wannan tsutsa a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. Yadda abin yake shi ne ƙwan da ya maƙale a bangon mafitsara yana ta yi mata miki shekara ashirin ko talatin, har naman wurin ya sake hali. Sankarar da ke fitowa ta wannan hanya nau'inta dabam ne da wadda aka saba gani a Turai, tana kuma kama mutum tun yana ɗan arba'in ko hamsin. Da O. Ochicha da abokan aikinsa suka duba tsokar masu sankarar mafitsara a Kano, a binciken da suka buga a 2003, sai suka tarar fiye da rabi irin wannan nau'i ne. Ke nan yaron da ya yi wanka a bakin Tiga a shekarar da aka tare ruwan, in tsargiya ta yi masa wannan illa, lokacin bayyanarta ya riga ya zo ya wuce. Maganin tsargiya ƙwaya ce mai araha da akan raba a makarantu, sha ɗaya. Maganin sankarar mafitsara kuwa sai a cire mafitsarar ɗungum, in ma an zo da sauran lokaci.

Abin da rajista ta gani

An kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988, kuma a 2008 Farfesa A. Z. Mohammed da abokan aikinsa suka buga abin da rajistar sankara ta Kano ta tara cikin shekara goma, daga 1995 zuwa 2004. Jimillar mutane 1,990 ne, maza 1,001, mata 989. A cikin mata, sankarar bakin mahaifa ce kan gaba da kashi 22.9 cikin ɗari, sai ta mama da kashi 18.9. A cikin maza, ta ƙullutun gindin mafitsara da likitoci ke kira furostet ita ce ta ɗaya da kashi 16.5, ta mafitsara tana bi mata da kashi 10.2, sa'an nan ta fata, wadda da yawanta daga tsohon gyambon ƙafa take tasowa. A cikin yara kuwa kusan kashi ɗaya bisa uku ƙarin Burkitt ne. Aiki ne mai daraja, kuma duk wanda zai yi magana a kan sankara a Kano daga nan zai fara.

To amma a yi ɗan lissafi. Mutum 1,990 cikin shekara goma ya kama kusan 200 ke nan a shekara, a jihar da ƙidayar 2006 ta ba mutum fiye da miliyan tara. Ƙiyasin da hukumar binciken sankara ta duniya ta yi wa Nijeriya a 2020 shi ne sababbin masu cutar 124,815 a shekara, watau kimanin 60 cikin kowane mutum 100,000. In aka ɗora ko da kwatankwacin wannan a kan jama'ar Kano ta wancan lokaci, za a sa ran ganin mutum dubu huɗu ko biyar kowace shekara. Lissafi ne na gaba gaɗi, shekarun ma ba ɗaya ba ne, kuma waɗansu marasa lafiyar Zariya suka nufa. Duk da haka yana nuna abin da ya shiga littafi bai kai ɗaya cikin ashirin ba. Rajistar ta asibiti ce, sai wanda aka duba tsokarsa a madubi ake rubutawa. Shi ya sa sankarar hanta, wadda aka san tana cikin manyan masu kashe maza a Afirka ta Yamma, ba ta fito a sahun gaba ba: mai ita yakan zo a makare ainun, ba a ko yankar tsokar. Rajista irin ta Edington, mai bin dukkan jama'ar yanki, ita ce ke ba da hoton gaskiya, kuma ko bayan kafa tsarin rajistocin sankara na ƙasa a 2009, waɗanda aka fi dogara da alƙalumansu na birane ne kamar Badun da Abuja da Kalaba.

Su wane ne sauran goma sha taran? A ɗauki matar manomi a wani ƙauye na Doguwa da ta ji ƙullutu a mamanta. Ba ya ciwo, saboda haka ba ta faɗa. In ta faɗa, uwar miji ko ungozoma za ta fara ji, a ce daji ne, a nemo magani. Zuwa asibiti sai da izinin maigida da kuɗin mota na mutum biyu, kuma da damina babu mai barin gona. Asibitin ƙaramar hukuma zai tura ta Kano. A Kano a yanki tsoka a ce ta dawo bayan makonni. In ana bukatar gashi da na'ura, shekaru da dama wurin da ya fi kusa shi ne Shika, inda layi ke da tsawo, na'urar kuma takan tsaya. Kafin nan an sayar da akuya, an sayar da hatsi, wataƙila an jinginar da gona. Iyalin da suka auna wannan suka zaɓi jinya a gida ba jahilci ne kaɗai ya ja su ba. Sun yi lissafin lafiya ne irin wadda Wall ya bayyana, wadda ta haɗa da abincin yara na baɗi da mutuwa a gaban dangi ana yi wa mutum talƙini. Abin takaici shi ne a gidan babu maganin kashe zafi mai ƙarfi, ga wari, ga kunya, kuma nauyin duka a kan mata yake, 'ya ko ƙanwa ko kishiya.

Waɗansu ƙasashe sun riga sun bi ta wannan hanya da 'yan asalin ƙasarsu. A Ostareliya an daɗe rajistocin sankara ba su tantance wane ne ɗan asalin ƙasa ba, saboda haka ba a ga girman bambancin ba. Da aka gyara, sai aka ga sun fi sauran jama'a zuwa a makare, sun kuma fi su mutuwa da cutar. A Niyu Zilan likita Mason Durie, ɗan ƙabilar Mawori, ya kwatanta lafiya da ɗaki mai bango huɗu, watau jiki da tunani da ruhi da dangi, aka kuma shigar da wannan cikin tsarin kula da majinyata. A 2016 aka yi taron duniya na farko a kan sankara tsakanin 'yan asalin ƙasa a birnin Brisbane. Babban canjin da suka kawo shi ne masu binciken daga cikin al'ummar suke fitowa, tambayoyin kuma da shawarar jama'a ake tsara su. Halin Hausawa dabam ne, domin su ne masu rinjaye a ƙasarsu, likitocin Kano da Shika kuma akasarinsu 'ya'yansu ne. Ratar da ke nan tsakanin birni da ƙauye take, ta fi kuma tsanani ga Maguzawa da Fulanin daji da ƙananan ƙabilun duwatsun Riruwai. Sai kuma batun amana, wanda Kano ta san ɗacinsa tun gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kimanin 200 a annobar sanƙarau ta 1996, abin da ya taimaka wajen ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003.

An yi dokar kafa cibiyar binciken sankara ta ƙasa a 2017, ta fara aiki a 2023. A watan Oktoba na 2023 ɗin kuma aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin bairas ɗin da ke jawo sankarar bakin mahaifa, Kano tana cikin jihohin zagayen farko. Wannan ita ce cutar da ta zo ta ɗaya a cikin matan rajistar Kano, kuma takan bayyana ne shekara ashirin ko talatin bayan kamuwa da bairas ɗin. Saboda haka sai wajen 2050 za a iya gane ko allurar ta rage ta a Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, kuma ganewar tana bukatar a san adadin matan da ke yin ta a waɗannan ƙasashe tun yanzu, har da waɗanda ba su taɓa wuce Kwanar Dangora ba.